Rabin Kwalbar Inna

Mahaifina manomin albasa ne a Boɗinga, kuma da kuɗin albasa ya je Makka. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin. Sauran alhazan unguwarmu sun dawo da rediyo da agogon bango da haƙoran gwal, shi kuwa da aka buɗe akwatinsa sai ga farin yadi ƙulli biyu, da jarkar zamzam, da wata 'yar kwalba mai kaurin gilashi wadda tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Mu yara muka ji haushi ƙwarai. Ni har kuka na yi, don na riga na cika wa ƙawayena baki cewa za a kawo mini sarƙa.

Yadin likkafani ne, nasa da na Inna, ya tsoma su a zamzam ya shanya tun a can. Kwalbar kuwa turare ne na mai, mai kauri, launin zuma tsohuwa, da ɗan tsinken gilashi manne a jikin murfin. Baba ya ce rabin guzurinsa ya tafi a kanta, sauran alhazai har suna ce masa ya zautu. Ya ɗaga ta a tsakar gida ya dubi Inna.

"Rabi nau na, rabi naki na," ya ce. "Wanda yar riga tahiya a zuba mai nashi, a aje ma ɗayan. Ranar da anka tashe mu, cikin wancan taro, in ban gane ki da ido ba, in gane ki da hanci."

"Ai kai ko babu turare ina gane ka," in ji Inna. "Warin albasa ya isa."

Aka yi dariya. Shi da wasa ya faɗa, ita kuwa ta riƙe maganar da gaske, ko da yake ban gane haka ba sai daga baya.

Baba ya rasu a shekarar da aka yi aurena. Maza suka aiko aka ba su kwalbar, suka zuba rabi a likkafaninsa suka dawo da ita. Inna ta samo baƙin zare ta ɗaura a ƙugun kwalbar, daidai inda turaren ya tsaya. Daga nan ta kafa wata al'ada tata: duk Juma'a da hantsi, bayan ta yi wanka, sai ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta zare murfin kwalbar, ta shinshina tsinken sau ɗaya, ta mayar, ta yi masa addu'a. Ba ta taɓa shafa ko ɗigo a jikinta ba. In na yi mata tsiya cewa turare ba ya ƙarewa da shinshina, sai ta ce in tashi in ba ta wuri.

Aure ya kai ni Shagari. Maigidana magatakarda ne a ofishin jam'iyya, ni kuma ina koyarwa a firamare. Zamanin siyasa ta biyu ne, garin ya cika ya batse. Motoci na shiga da fita, 'yan kwangila sun gina gidajen siminti, matansu ba su da aiki sai biki da suna. Saboda aikin maigidana ana gayyata ta, ni kuma ban iya zaman gida in ce ban da lafiya ba. Ina da zuciya, ina da son a san da ni, waɗannan biyun tun ina ƙarama Inna take yi mini faɗa a kansu.

A cikin matan akwai matar wani babban ɗan kwangila, kowa Hajiya yake ce mata. Wata rana a gidan suna na shiga ɗaki da sallama, sai ta ɗaga hanci sama ta waiwaya hagu da dama.

"Wa yash shigo muna da Boɗinga cikin ɗaki?" ta ce. "Malama, halan yau ma an yi kwasar albasa?"

Mata suka kwashe da dariya. Na yi wanka da sabulu mai kyau a ranar, na san ba abin da take ji a jikina, asalina kawai take taɓawa. Na yi yaƙe na zauna, amma ban taɓa abincin sunan ba. Har na koma gida kunnuwana zafi suke yi.

A daminar zaɓe na biyu, ƙanwar Inna ta kwanta ciwo a Dingyaɗi, Inna ta tafi jinya. Ɗakinta na Boɗinga yana yoyo, ta ji tsoron ruwa ya taɓa likkafanin, sai ta sa aka ɗora akwatin a mota ta kawo mini Shagari da kanta. Ta ɗaura makullin a zare ta rataya mini a wuya da hannunta. Ba ta ce in kula ba, don a ganinta ba a gaya wa 'ya ta kula da likkafanin uwarta.

Sati biyu akwatin yana ɗakina ban taɓa shi ba. Sai aka kawo goron wani biki, kuma na san Hajiya za ta je. Ina da wani mayafi shuɗi mai zaren azurfa, wanda nake ji da shi. Na shimfiɗa shi a gado, na buɗe akwatin, na ce a raina tsinke ɗaya kawai, ko zaren ba zai sani ba. Na goga tsinken a gefen mayafin, inda yake sauka a kafaɗa.

Ban kai ga zama ba a gidan bikin Hajiya ta kamo bakin mayafina ta kai hanci. Ta daɗe ba ta saki ba.

"Wanga ba na kasuwa ba na," ta ce. "Ina kis samo shi?"

"Na gidanmu na," na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Babana yak kawo shi daga Makka. Da kuɗɗin albasa."

Ranar na ci abinci har da ƙari. Da na tsaya a nan da ban rubuta wannan labarin ba, amma daminar nan biki bai ƙare ba. An ci zaɓe, kowane gida da walimarsa, ni kuma duk fita sai na zura tsinke, kullum a mayafin nan shuɗi. Turaren ya sauka ƙasa da zaren. Sai na riƙa tura zaren ƙasa da farce, kamar wanda zan yaudara ba ni ba ce. Rannan a gaban mata Hajiya ta ce, "Malama, a sam muna turaren Makka mana, ko rowa ta gadon gida?" Washegari na ɗauki kwalbar Inna na kai gidanta. Ta miƙo wata kwalba tata wadda ta ƙare, na tuntsura na tsiyaye mata kusan duka, mata suna kallo. Abin da nake ji a lokacin daɗi ne tsantsa, ba zan yi ƙarya ba.

Da kaka ta yi, saƙo ya zo cewa mai ciwo ta warke, Inna za ta koma gida bayan sati guda, a mayar mata da akwatinta. Na fito da kwalbar na ɗaga ta a hasken taga. Abin da ya rage bai wuce ya jiƙa gindinta ba. Sai a lokacin na ga abin da na yi.

Ranar kasuwar Boɗinga na shiga mota ta hanyar Lambara, ban biya gidanmu ba, na wuce rumfar wani dattijo mai sayar da turare. Teburinsa cike yake da kwalabe manya da ƙanana, yana haɗa wa 'yan mata na biki, yana haɗa wa malamai na Juma'a. Na miƙa masa kwalbar. Ya zare murfin, ya shinshina, ya rufe ido, sai da na gaji da tsayuwa ya buɗe.

"Ɗiyata, wanga ko Sakkwato sai gidan manya," ya ce. "Kuma yanzu da anka tsuke bakin aljihu an hana shigo da irin kayan ga. Ban da shi, ban kuma san mai shi ba."

"To ƙaƙa za ni yi, Baba?"

"Ina iya haɗa maki mai kama da shi. Kama ɗai nic ce, kin jiya? Kak ki tahi ki ce na ce maki shi na."

Na ce na ji. Kafin ya zuba, na roƙe shi ya bari in goge ɗan abin da ya rage a tsinken, na goga a kusurwar wani tsohon farin ɗankwali da na zo da shi. Ya ɗebo daga kwalabe uku da sirinji, yana haɗawa yana shinshinawa, ya ɗiga wani baƙi-baƙi don launi ya zo daidai. Na mayar da zaren wurinsa na asali, inda ya bar shaida a jikin gilashin, dattijon ya cika har daidai nan. Abin da na biya shi bai kai kuɗin motata ba. Da ido kam ko shi mai haɗawar ba zai bambance ba.

Washegari da safe na yi gwaji, irin na malamar makaranta. Kusurwa ɗaya ta ɗankwalin tana da na Baba, na shafa na kasuwa a ɗaya kusurwar, na ajiye a kan gado. A tashin farko na kasuwa ya fi cika ɗaki. Ƙamshin fure ne mai zaƙi, irin wanda na gaske yake buɗewa da shi, har ya fi shi kuzari. Na kira maigidana na ce ya zaɓi mai tsada, bai yi wata-wata ba ya nuna na kasuwa. Na ji sanyi a raina.

Da azahar na dawo daga makaranta na sake ɗauka. Na kasuwa ya koma ƙamshin sabulun wanka, da wani zaƙi kamar alewar yara. Na Baba kuwa furen ya kwanta, wani abu ya taso daga ƙarƙashi, ƙamshin tsohon itace da ɗan hayaƙi-hayaƙi. Da la'asar na kasuwa ya tafi gaba ɗaya, bai bar komai ba sai tabon mai rawaya da ɗan warin kananzir in ka matsa hanci. Na Baba a lokacin ne ma ya zauna sosai, yana ba da wani ƙamshi mai nauyi irin na ƙasa ranar ruwan fari. Na wanke ɗankwalin da sabulu na shanya. Da ya bushe kusurwa ɗaya tana nan da ƙamshinta, ɗayar tana nan da tabonta.

Duk na ga wannan da idona, na ji da hancina. Amma sai na yi wa kaina wayo. Na ce ai Inna ba shafawa take yi ba, shinshina ɗaya take yi ta rufe, kuma a shinshinar farko babu bambanci, ga maigidana shaida. Na jera komai a akwatin yadda na same shi, na cusa mayafin shuɗi can ƙasan kayana don ba na son ganinsa, na aika mata da akwatinta da makulli.

Bayan wata guda na je gaishe ta, ranar Juma'a. Na same ta zaune a bakin gado, kwalbar a hannunta, murfin a ɗaya hannun. Ta amsa gaisuwata sama-sama.

"Zo ki ji min abin ga," ta ce. "Mi kika ji?"

Na shinshina. "Turaren Baba na, Inna."

"To ni ba ni jin shi." Ta sake kai tsinken hanci. "Ina jin na bisa. Amma akwai wani can ƙasa, wanda in nij ji shi awa shina tsaye bakin ƙohwa. Shi na ba ni ji. Juma'a huɗu ke nan."

"Halan mura ta."

"Ina jin daddawa. Ina jin hayaƙin maƙwabta. Shi ɗai na ba ni ji."

A nan ya kamata in durƙusa in faɗi gaskiya. Da ta yi kuka, da ta zage ni, wataƙila ta yi wata ba ta yi mini magana ba, shi ke nan. Amma na ce mata tsufa ne, na tashi na hau share mata tsakar gida. Ko sau ɗaya ba ta dube ni da zargi ba. Abin bai taɓa zuwa mata a rai ba.

Ba a daɗe ba sojoji suka karɓi mulki. Aka rufe ofishin jam'iyya, maigidana ya koma zaman gida, motocin Shagari suka ɗauke kamar an share su. Sabulu da madara sai an bi layi, wani lokacin a kai kanka a ce ya ƙare. Aka rufe kan iyaka. A cikin wannan hali na shiga neman turaren da ko lokacin daɗi sai gidan manya. Na zaga kasuwar Sakkwato sau biyu da kusurwar ɗankwalin nan, masu turare suna shinshinawa suna girgiza kai. Takardar jikin kwalbar ta goge tun da daɗewa, ko sunansa ban sani ba. Na sayar da 'yan kunnena na ba wani dattijo na ƙauyen Mandera da zai tafi aikin hajji, na yanka masa ƙyallen ya tafi da shi. Ya dawo mini da wani turare mai kyau, a kwali mai ruwan gwal, wanda ko kusa bai yi kama da na Baba ba.

Daga ƙarshe na haɗiye girman kaina na je gidan Hajiya. An tsare mijinta, gidan ya yi tsit, kujerun falo an lulluɓe su da zannuwa. Na gaishe ta, na yi mata jaje, sannan na tambaye ta ko akwai sauran turaren nan da na zuba mata.

"Wane turare?" ta ce.

Na tuna mata. Ta yi ta tunani da gaske, ba wulaƙanci ba ne.

"Af, wancan. Ina ga yara sunka shahe shi ga kujeru ranar da anka yi baƙi. Mi za ki yi da shi cikin wanga hali, Malama?"

Na fito ban yi mata sallama ba. A hanya na tsaya gindin wata bishiyar dogon yaro na yi kuka, mutane suna wucewa suna kallona. Ba ita nake jin haushi ba.

A Boɗinga kuwa Inna ta samo wa kanta amsa, kuma amsar ta fi abin da nake tsoro muni. Tunda hancinta lafiya lau yake, kuma turare ba ya canzawa a rufaffiyar kwalba, to Baba ne ya janye. Fushi yake yi da ita. Ta shiga tonon laifuffukanta na shekara talatin. In na je sai ta zaunar da ni ta fara lissafa mini su. Akwai yajin da ta yi na kwana tara farkon aurensu. Akwai ranar da ta yi masa miya babu gishiri da gangan, don ya hana ta zuwa biki. Akwai maganar warin albasa da ta yi masa a gaban yara ranar da ya dawo daga Makka.

"Wagga ta ta hi damuna," ta ce. "Mutum ya ɗauko maki abu tun daga can, ki tarbe shi da ba'a."

"Inna, ai dariya yay yi."

"Ya yi dariya. Wa yas san abin da ac cikin ranshi?"

Ta je wurin malamin unguwa ta tambaye shi ko mamaci yana riƙe mai rai a zuciya. Ya ce mata ta yawaita addu'a da sadaka, ta bar waswasi. Ta ɗauki ta farko ta bar ta biyu. A cikin wannan tsadar, duk Juma'a sai ta dama fura ta aika masallaci, ita ta wuni da kunu. Sannu a hankali ta daina buɗe kwalbar, ta ce ba ta son ta riƙa tsaya masa a ƙofa yana kau da kai. Ta rame, wuyanta ya fito. Sau uku ina buɗe baki zan faɗa mata, sau uku ina canza maganar zuwa tsadar gero. Kullum sai in ce bari in samo na gaske tukun, in musanya a ɓoye, ta ji shi ya dawo, kowa ya huta. Haka na ci kusan shekara biyu.

Wata safiya ina fitar da kayana in ga abin da zai sayu, hannuna ya kai ƙasan akwati na jawo mayafin shuɗi. Kafin in gama warware shi ƙamshin ya buge ni. Duk tsinken da na sata a daminar nan yana cikinsa, furen ya tafi, sai na ƙasan, wanda Inna take nema. Na zauna a ƙasa da shi a cinya. Na san in na kai mata shi ba sai na yi bayani ba, mayafin zai faɗi komai. Na ninke na mayar. Kwana goma sha biyu yana nan ina kewaya shi, har aka aiko cewa Inna ta kwanta, ƙafafunta sun kumbura, tari ya hana ta sakat.

Na isa Boɗinga da hantsi. Gwaggona, ƙanwar Baba, ita ke jinyarta, ta fita ɗebo ruwa ta bar mu mu biyu. Inna tana kwance ta fuskanci bango. Na zauna a bakin gadon, na ciro mayafin daga jaka, na shimfiɗa mata shi a kafaɗa.

Sai na ga hannunta ya fito daga cikin zane ya damƙi bakin mayafin ya ja shi zuwa fuska. Ta ja numfashi, tari ya sarƙe ta, ta sake ja. Da ta juyo hawaye na bin kuncinta, amma fuskarta a sake take, rabon da in gan ta haka tun kafin ta tafi Dingyaɗi.

"Ga shi," ta ce. "Ga shi nan. Ashe ba hushi shika yi da ni ba."

Ta daɗe tana shinshinawa. Sannan ta sauke mayafin ta dube shi da kyau, ta shafa zaren azurfar da yatsa. Ta san mayafin, ita ta raka ni sayensa. Ta dubi wajen akwatin a ƙarƙashin gado, ta dawo da idonta kaina. Na zame daga gadon na durƙusa na faɗa mata duka, da bikin, da Hajiya, da mai turaren kasuwa. Ban rage komai ba.

Ina jira ta yi faɗa. Ina so ma ta yi.

"Shekara biyu," ta ce a hankali. "Kina kallo ina ba shi haƙuri."

Wannan kaɗai ta faɗa a kan laifin, kuma har yau ban sami inda zan ajiye shi ba. Can ta ce, "Wa yas san da zancen ga?"

"Ba kowa, Inna."

"To bar shi hakanan. Ranar da nit tahi, ki ba gwaggonki kwalba ta zuba, kak ki ce komi. Ba ni son a tashi daga makokina ana zancenki." Ta nuna akwatin. "Hiddo likkahwanin ki naɗe shi cikin mayahin ga. Halan shi ɗauki ko kaɗan."

Na naɗe shi tam, na mayar cikin akwatin. Da ta ƙara wata ɗaya ko biyu, wataƙila da ya ɗauka. Kwana uku ta ƙara. Ta rasu ranar Talata bayan fitowar rana.

Gwaggo da wata tsohuwa suka yi mata wanka da hantsi. Na ciro likkafanin daga cikin mayafin, na faki ido na kai shi hanci. Sabon yadi ne da ya daɗe a akwati, in akwai wani abu bayan wannan to ni ban iya rantsewa ba. Gwaggo ta miƙo hannu na ba ta kwalbar. Ta kwance baƙin zaren, ta tsiyaye turaren duka a kan farin yadin. Ɗakin ya cika da ƙamshi, har matan da ke tsakar gida suka ji.

"Allahu akbar," in ji Gwaggo. "Turaren Makka. Dubi shekaru nawa, ko kaɗan bai sake ba. Yayana ya cika alkawali."

Matan suka yi ta sa albarka. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka umarce ni.

Da an tafi da ita a lokacin, da aƙalla ta fita gida da ƙamshi. Amma wanta yana wani ƙauye bayan Lambara, mota kuma ta yi wuya a shekarun nan, aka ce a jira shi. Aka yi azahar bai iso ba. Ina zaune kusa da ita, ni kaɗai a gidan na san abin da ke faruwa, don na taɓa yin wannan gwajin a kan gadona. Na ji lokacin da ya koma sabulu. Na ji lokacin da ya fara janyewa.

Ana kiran la'asar wan nata ya iso. Maza suka shigo da makara, mata suka ja baya. Da suka ɗaga ta na matsa kusa kamar zan gyara bakin yadin, na sunkuya na ja numfashi da dukan ƙarfina. Babu komai sai tabon rawaya a wajen ƙirji. Suka fita da ita ta zaure, za su kwantar da ita kusa da mutumin da ya ce da hanci zai neme ta.